Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Wasanni Ta Ƙasa Da Ma'aikatar Harkokin Waje: Ku Ware Wa Kokawar Kan Iyaka Kuɗinta

Zuwa ga shugabannin Hukumar Wasanni ta Ƙasa,
da na Ma'aikatar Harkokin Waje,
Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni tsohon malamin firamare ne a Illela ta Jihar Sakkwato. Na yi shekaru ina koyar da yara wasannin motsa jiki, kuma idan kaka ta yi, aka ɗaure dammunan gero aka kai rumbu, ni nakan riƙe usur a fagen kokawar unguwa. Mahaifiyata 'yar Birnin Konni ce. Daga ƙofar gidanmu zuwa gidan kawunnaina da ke Nijar bai kai tafiyar da ma'aikacin Abuja yake yi kullum daga Kubwa zuwa ofis ba. Na faɗi wannan tun farko domin ku san daga inda nake magana, kuma ku san maganar ta shafe ni har cikin gida.

Ranku ya daɗe, buƙatata ɗaya ce. Ina roƙon ku ware kaso na musamman a kasafin kuɗi, da sunansa a rubuce, domin kokawar sada zumunta da musayar 'yan wasa tsakanin Najeriya da Nijar. Kuɗin da kowa zai san akwai su duk shekara, kamar yadda manomi ya san damina na tafe, ba kyautar da sai wani babba ya tuna da mu zai miƙo ba.

Na san idan aka ce diflomasiyyar wasanni a manyan ofisoshi, abin da ke faɗowa a rai shi ne jirgin sama da otal da taro a Turai, da neman a ba mu baƙuncin wata babbar gasa. Ban raina wannan ba. Amma ku dubi yadda abin ya faro a wuraren da ya yi amfani. A shekarar 1971 ana gasar ƙwallon tebur ta duniya a birnin Nagoya na Japan, sai wani matashin ɗan wasan Amurka, Glenn Cowan, ya shiga motar 'yan wasan Sin. A lokacin Amurka da Sin sun fi shekara 20 ba sa ga maciji. Zakaran 'yan wasan Sin, Zhuang Zedong, ya taso ya gaishe shi, ya ba shi kyautar ƙyallen siliki mai hoton duwatsu. Ba a yi mako biyu ba tawagar Amurka ta shiga Sin bisa gayyata, cikin watan Afrilu. A watan Fabrairun 1972 Shugaba Nixon da kansa ya sauka a Beijing. Ba ƙwallon tebur ce ta sasanta su ba, shugabannin sun riga sun gaji da gabar. Amma kowannensu yana jin nauyin fara miƙa hannu, sai 'yan wasa suka sauke musu wannan nauyin.

Misalin da ya fi kama ni shi ne na kokawa, domin sana'armu ce. A watan Fabrairun 1998 'yan kokawar Amurka suka je Tehran gasar Kofin Takhti, su ne tawagar wasanni ta farko daga Amurka da ta taka Iran tun juyin juya halin 1979. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga ƙaramar tutar Iran a fage, 'yan kallo suka ɓarke da tafi da sowa. Kowa ya san rigimar ƙasashen nan biyu ba ta ƙare ba har yau. Sai dai dubban mutanen da suka cika zauren nan sun koma gida da abin da idonsu ya gani: wanda aka ce musu maƙiyi ne ya shigo fagensu, ya bi ƙa'idarsu, ya kama, an kama shi, ya girmama su.

Ba sai mun tsallaka teku neman darasi ba, domin Najeriya tsohuwar gwana ce a wannan fanni. Lokacin da ake yaƙi da mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, da wasanni muka yi wani ɓangare na yaƙin. Abraham Ordia, ɗan Najeriya, shi ke shugabancin majalisar ƙoli ta wasannin Afirka lokacin da ƙasashen nahiyar sama da 20 suka ƙaurace wa Olamfik ta Montreal a 1976, saboda 'yan wasan zari-ruga na New Zealand sun je wasa Afirka ta Kudu. Mun ƙi zuwa gasar Commonwealth ta 1978 a Edmonton, kuma a 1986 mu muka ja gaba har ƙasashe 32 suka juya wa gasar Edinburgh baya saboda gwamnatin Thatcher ta ƙi sa wa gwamnatin wariya takunkumi. 'Yan wasanmu sun yi asarar lambobin da suka yi shekaru suna wa atisaye, amma duniya ta ji muryarmu. A cikin gida kuma, bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Gowon ta ƙirƙiro Bikin Wasanni na Ƙasa a 1973 domin yaran da iyayensu suka harbi juna su haɗu a fili ɗaya. Mun kuma ga ɓarnar da siyasa ke yi wa wasa: a 1996 gwamnatin Abacha ta hana Super Eagles zuwa kare kofinsu a Afirka ta Kudu bayan tsamin dangantakar da ya biyo kisan Ken Saro-Wiwa, aka kuma dakatar da mu daga gasar 1998. Ƙungiyar da ta fi kowace ƙarfi a tarihinmu ta rasa gasa biyu a jere.

Kafin duk waɗannan ma, kakanninmu sun san dabarar. Bikin kamun kifi na Argungu da ake taƙama da shi yau, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, asalinsa sulhu ne. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi wadda ta ci rayuka tun ƙarni na 19. Kabawa suka tarbe shi da abin da suka fi iyawa, suka shiga ruwa da koma da gora. Daga nan abin ya zama al'ada, aka haɗa da kabanci, wato wasannin ruwa na Kabawa, da kokawa da dambe. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma tamu zumar tana nan cikin tulu, ba a buɗe ta ba ne kawai.

Yanzu bari in faɗa muku abin da muka gani a nan. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Kwana huɗu bayan haka ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, aka fara maganar tura sojoji. A Abuja wannan sanarwa ce da aka karanta a talabijin. A Illela kuwa kasuwarmu ta Lahadi ce ta mutu tsaye. Tireloli suka yi layi, albasa ta ruɓe a buhu, mai ciwon da ya saba zuwa asibiti ta wancan gefen ya rasa hanya, mata suka riƙa bi ta gonaki domin zuwa gaisuwar mutuwa. Na ga tsofaffi suna kuka da jin cewa za a iya tura ɗan Sakkwato ya harbi ɗan Tawa. Iyakar nan ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Duk tsawonta gida ɗaya ta raba biyu. Sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake ce masa, Gobirawa suna Sabon Birni suna Tsibiri, Kamba da Gaya tuwonsu ɗaya.

Ku tuna kuma waɗanda suka samu ganin Janar Tiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, a makonnin da manyan wakilai suka kasa wuce filin jirgin Yamai. Khalifa Muhammadu Sanusi II ne, tare da Sarkin Damagaram, sai tawagar malamanmu. Rawani da carbi suka shiga inda takardar ofis ta tsaya a ƙofa. Wannan ya isa ya nuna muku cewa tsakaninmu da Nijar akwai hanyoyin da ba sa bi ta ofishin jakadanci, kuma duk ranar da ta ofis ta toshe su ne ke saura.

An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris, amma zuciya ba ta buɗe tare da shingen ba. A ƙarshen 2024 muka ji shugaban Nijar a gidan talabijin, da Hausa, yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, hukumominmu suka musanta. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Yaranmu da ke riƙe da waya suna zagin juna a Facebook da TikTok da harshe ɗaya, da ashar iri ɗaya, kowa yana kare tutarsa. Ni da na koyar da yara fiye da shekara 30 wannan ya fi ba ni tsoro fiye da rufe iyaka, domin shinge na ƙarfe ana ɗaga shi rana ɗaya, amma ƙiyayyar da yaro ya taso da ita sai ta tsufa tare da shi.

Akwai asarar da ban ji kowa ya ambata ba. Fagen da 'yan kokawarmu da na Nijar suka saba haɗuwa a hukumance shi ne gasar kokawar gargajiya ta ECOWAS, wadda Yamai da Dakar suka sha karɓar baƙuncinta. A watan Maris na 2025 aka yi ta a Abuja, bayan Nijar ta fice daga ƙungiyar. Ma'ana, inuwar da ke haɗa su ta gushe, kuma ba a kafa wata rumfa a madadinta ba. Idan ba ku kuka kafa ta ba, wa zai kafa?

Wataƙila wasunku ba su san matsayin kokawa a Nijar ba, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan tsawaita. A can kokawa ta fi ƙwallon ƙafa. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. Gasar tana zagaya jihohin ƙasar takwas: Agadas, Diffa, Dosso, Maraɗi, Tawa, Tillaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jiha tana kawo 'yan kokawa 10, su 80 ke nan, a yi kwanaki ana fafatawa har a samu wanda ba a kai bayansa ƙasa ba. A naɗa masa rawani, a ba shi takobi da doki da kuɗi, ya zama sarkin kokawa na shekarar. A kwanakin nan ofis da kasuwa duk hankali yana fage. Sunayen irin su Salma Ɗan Rani da Kadade da Balla Haruna, har zuwa Issaka Issaka na Dosso da ya ɗauki takobin sau da yawa, yaran Illela sun haddace su kamar yadda yaran Legas suka haddace 'yan wasan Ingila. Mu ma nan idan gasar ta kankama, mai shayi yakan ƙara benci, a kewaye rediyo ko waya, a yi ta musu kan wanda zai yi kaye. Nijar ta ma shigar da kokawar a gaban duniya lokacin da Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005. Ƙasar da ta ɗauki abu da wannan daraja, idan ka je mata ta wannan ƙofar, ka je mata ta ƙofar girmamawa.

Kuma kokawa tana da wata tarbiyya da ban gani a sauran wasanni ba. Ɗan kokawa yakan shigo da layu da guraye, makaɗi na zuga shi, ya yi kirari har ka ce zai cinye abokin karawarsa ɗanye. Da zarar an yi kaye, sai ka ga wanda ya yi nasara ya miƙa hannu ya ɗaga ɗan'uwansa, ya kakkaɓe masa ƙasa, su rungumi juna. Dubban mutane suna kallo. Babu jawabin jakadan da zai koya wa matashi abin da wannan rungumar take koya masa cikin daƙiƙa biyar.

Na san za a ce babu kuɗi. Ranku ya daɗe, ku bar ni in faɗi gaskiya cikin ladabi. Gwamnati ta amince da naira biliyan 12 domin Olamfik ta Paris a 2024 da gasar masu buƙata ta musamman da ta biyo baya. Muka tura 'yan wasa 88 Olamfik, muka dawo ba lambar yabo ko ɗaya, sai masu buƙata ta musamman ne suka fid da mu kunya da lambobi 7. Favour Ofili ta cancanci tseren mita 100 amma ba a shigar da sunanta ba. 'Yar tseren kekenmu, Ese Ukpeseraye, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke. Kafin nan a Olamfik ta Tokyo an hana 'yan wasanmu 10 shiga fili saboda ba a cika musu ƙa'idar gwajin ƙwayoyi ba. Ban kawo waɗannan don in tozarta kowa ba, kuma na san an rushe ma'aikatar wasanni a watan Oktoban 2024 aka miƙa aikin ga wannan hukuma domin a gyara irin wannan ne. Na kawo su ne don a gane matsalarmu ba ƙarancin kuɗi kaɗai ba ce, har da inda kuɗin ke zuwa da lokacin da suke isa. Abin da nake roƙo bai kai ƙurar wancan kuɗi ba. Ɗan kokawa ba ya buƙatar jirgi ko biza ko takalmi na musamman. Mota yake buƙata, da abinci, da wurin kwana mai tsafta, da likita a bakin fage, da ladan da zai koma gida da shi ba tare da kunya ba. Fagen kansa yashi ne da buhuna da igiya.

Maganar lokacin isar kuɗi na ɗanɗana ta da kaina. Wata shekara, tun ina aiki, 'yan'uwanmu na wancan gefen suka gayyace mu kokawar sada zumunta bayan girbi. Na zaɓi samari 10, muka yi makonni muna atisaye da yamma. Wani ofishi ya yi mana alkawarin kuɗin mota da na riguna. Na yi sawu ya fi a ƙirga, kullum a ce takarda tana kan teburin wane, wane kuma ya yi tafiya. Ana gobe tafiya ba ko sisi. Muka yi karo-karo, wani dattijo ya sayar da tunkiyarsa, wani direba ya ɗauke mu bashi. Muka isa da rigunan da ba su yi kama da juna ba, muka tarar an share mana ɗaki, an yanka mana rago, an fito da makaɗa tarbarmu. An kayar da bakwai cikin yaran nan, uku suka yi kaye. Kuɗin ofishin sun fito bayan wata biyu, ba su kuma cika ba. Amma ga abin da ya sa nake ba ku labarin: ɗaya daga cikin samarin nan, wanda aka kayar tun karon farko, har yau shi da wanda ya kayar da shi aminai ne. A watannin da aka rufe iyaka, wannan aminin ne ya riƙa kula da ƙanwarsa da ke aure a can, yana aiko masa da labarinta. Zumunci a ƙafa yake, kuma tunkiyar dattijon nan ta sayo abin da ya fi kuɗinta nesa ba kusa ba.

To yaya za a yi? Ba sai an kafa sabuwar hukuma ba. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar tun 1971, hedikwatarta tana Yamai, kuma lokacin da Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar ya je can a watan Afrilun 2025 ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, maganar farfaɗo da ita aka yi. Ana ta batun layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da wutar lantarki da kasuwanci, duk suna da kyau, amma ayyuka ne na shekaru da biliyoyi. Ku saka kokawa a teburin, ita ce za a iya farawa kafin shekara ta zagayo. A riƙa yin ta sau ɗaya a shekara bayan kaka, bana a gefenmu, baɗi a gefensu, tana zagayawa: Illela da Konni, Jibiya da Maraɗi, Kamba da Gaya, Maigatari da ƙasar Damagaram. A bar sarakuna su zama iyayen taro, domin su ne ake jin nauyinsu a ɓangarorin biyu, a kuma sa gwamnonin jihohin iyaka su ɗauki nasu rabon. Gidajen rediyo na jihohi su watsa kai tsaye da Hausa da Zabarmanci da Barbarci da Fulatanci.

Sharaɗin da zan dage a kai, ko da za ku yi watsi da sauran, shi ne na amana. A saki kuɗin wata guda kafin ranar, ba bayanta ba. Ladan ɗan kokawa ya shiga hannunsa ko asusunsa kai tsaye, kada ya bi ta hannu uku. Kada jami'ai da 'yan rakiya su fi 'yan wasa yawa a mota, balle kuɗin guzurinsu ya fi ladan wanda ya zubar da gumi. A yi wa kowane ɗan kokawa inshora, domin na ga wanda ya karye a kafaɗa ya koma gida ya sayar da akuyarsa ya biya maɗori. Bayan an gama a buga abin da aka kashe a fili, kowa ya karanta. Idan shirin ya zama wata sabuwar hanyar yawon buɗe ido ga ma'aikata, gara ma kada a fara, domin mutanen iyaka suna da ido, kuma baƙinmu za su koma da labarin.

Musayar kada ta tsaya a ranar gasa. Nijar ta yi shekara 50 tana tsara kokawa da alƙalai da ƙa'idoji rubutattu, mu kuma tamu, duk da tana cikin Bikin Wasanni na Ƙasa tare da dambe da langa, yawanci a hannun masu gidajen wasa da 'yan sa-kai take. Ku tura alƙalanmu da masu horarwa su zauna can wata guda su koyo, ba abin kunya ba ne ƙane ya koya wa wa abin da ya fi shi sani. Mu kuma muna da abin bayarwa. A kokawar zamani matanmu sun yi suna, Blessing Oborududu ta ɗauko azurfa a Tokyo. Muna da damben gargajiya da yanzu ake kallonsa a intanet har ƙasashen waje. Su suna da Abdoul Razak Alfaga da ya ci azurfa a taikwando a Rio a 2016 ya kuma zama zakaran duniya a 2017, mu muna da Chika Chukwumerije da ya ci tagulla a Beijing a 2008. Me zai hana yaran Sakkwato da na Yamai su yi sansanin horo tare lokacin hutu? Irin wannan musayar tana da wani amfani: yaron da ya je Tawa zai dawo. Mun sha tura 'yan wasa nesa su ƙi dawowa saboda ba su ga abin da za su dawo su tarar ba. Daniel Igali ya je Kanada gasar Commonwealth a 1994 ya zauna, kuma zinaren kokawar da ya ci a Sydney a 2000 Kanada ya ci wa. Allah Ya sa daga baya ya dawo ya yi wa kokawar ƙasarsa hidima, amma da yawa ba su dawo ba.

Za a ce tsaro. Gaskiya ne, ba zan ɓoye ba, hanyoyinmu ba kamar da ba ne. 'Yan bindiga sun addabi gabashin Sakkwato da Zamfara da yankin Jibiya, ga kuma Lakurawa da suka ɓullo ta yammacinmu. Amma kasuwannin iyaka suna ci duk mako da dubban mutane, ana ɗaurin aure, ana Sallah. A yi kokawar da rana, cikin gari, a tashi kafin magariba, jami'an tsaron ɓangarorin biyu su zauna su tsara ta tare. Wannan zaman kansa riba ne, domin ɓarayin da ke tsallaka iyaka ba abin da suke so kamar su ga sojan nan da na can ba sa gaisawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma matashin da ke da fagen da zai nuna ƙarfinsa a yi masa tafi, a kira sunan ubansa da na garinsu, ya fi wuyar ruɗuwa da mai ba shi babur da bindiga.

Za a kuma ce gwamnatin soja ce a can, kada a ga kamar mun amince da juyin mulki. Wannan magana ce ta manya, kuma ban isa in koya muku aikinku ba. Abin da na sani shi ne Kantu ya ɗauki takobi ƙarƙashin soja, wasu sun ɗauka ƙarƙashin farar hula, kuma makaɗan ba su canza kiɗa ba. Gwamnatoci suna zuwa suna wucewa a Yamai da Abuja, mu kuwa muna nan, maƙwabtan da ba mu zaɓi juna ba kuma ba mai iya ɗauke gidansa. Ita kanta ECOWAS ta ce a ci gaba da barin 'yan Nijar da Mali da Burkina Faso suna shige da fice kamar da. Idan ɗan kasuwa zai wuce da buhun wake, ɗan kokawa ma zai iya wucewa da walkinsa.

Abu na ƙarshe da zan ja hankalinku a kai shi ne karɓar baƙo, domin wasa yana gyara zumunci, yana kuma iya ɓata shi cikin dare ɗaya. Ba mu manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da aka karkatar da jirgin Super Eagles zuwa filin Al-Abraq na Libiya, suka kwana kan kujeru ba abinci, har hukumar ƙwallon Afirka ta ba mu nasara da ci 3 da nema ta kuma ci tarar Libiya. Duk ɗan Najeriya ya ji zafin abin, har wanda bai damu da ƙwallo ba. To idan muka gayyaci 'yan kokawar Nijar, kada a bar su tsaye a shingen iyaka ana neman na goro, kada su kwana a aji kan tabarma, kada alƙali ya yi son kai don a faranta wa mai masauki. Mai yiwuwa ne su kayar da mu a shekarun farko, domin sun fi mu shiri. A bar su su kayar, a ba su ladansu cikakke a gaban jama'a, a raka su har bakin iyaka da kiɗa.

Ranku ya daɗe, ana shirya kasafin kuɗi ne tun kafin ƙarshen shekara, kokawa kuma bayan girbi ake yin ta, don haka lokacin rubuta wannan kaso yanzu ne. Idan kuna son ganin abin da idonku kafin ku sa hannu, ku turo jami'i ɗaya Illela ranar Lahadi, ranar kasuwa. Zan tarbe shi a tasha, in nuna masa fagen da muke kokawa da samarin da ke jiran a kira su, sannan in raka shi Konni mu gaida kawunnaina, mu dawo kafin la'asar.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon malamin wasanni kuma alƙalin kokawa,
Illela, Jihar Sakkwato.